Alƙalami a Bayan Kanta: Nazari a Kan Littafin Ken Saro-Wiwa da na Janar Bamaiyi

Akwai wani nau'in rubutu da manazarta adabi kan kira rubutun kurkuku, wato littafin da mutum kan rubuta game da zaman da ya yi a tsare, ko yana ciki ko bayan ya fito. Nijeriya ba ta da talauci a wannan fage, abin da ba abin alfahari ba ne. Tun 1972 Wole Soyinka ya fitar da The Man Died a kan tsarewar da gwamnatin Gowon ta yi masa lokacin yaƙin basasa. Bayan rasuwar Janar Sani Abacha a watan Yuni na 1998 kuwa sai ƙofa ta buɗe, 'yan jarida irin su Chris Anyanwu da Kunle Ajibade suka ba da nasu labarin. A cikin wannan tari na zaɓo biyu domin mu auna su tare. Na farko shi ne A Month and a Day na Ken Saro-Wiwa, wanda ya fito a 1995. Na biyu shi ne Vindication of a General na Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya fito a 2017. Ɗaya marubuci ne da soja suka tsare, ɗaya kuma soja ne da farar hula suka tsare, duk kuwa a kan al'amuran shekaru guda.

Wataƙila wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. To, abin da ya haɗa su a wurina shi ne gida. Daga Rikoto nake rubutun nan, cikin garin Zuru, ƙasar da aka san ta da ba Nijeriya sojoji tun zamanin Turawa, ta yadda da wuya ka ratsa unguwa ba ka wuce ƙofar wani tsohon soja ba. Janar Bamaiyi ɗan ƙasar nan ne, shi ne kuma Babban Hafsan Sojojin Ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Shi kuwa Saro-Wiwa ya shugabanci ƙungiyar marubuta ta ƙasa, wato ANA, daga 1990 zuwa 1993. Ke nan marubucin da ke zaune a Zuru yana da dangi a ɓangarorin nan biyu, ɗaya ta wajen ƙasa, ɗaya ta wajen sana'a, ba shi kuma da damar ya karanta ɗaya ya kau da kai daga ɗayan.

Mu fara da na Saro-Wiwa. Sunan littafin ya fito ne daga tsawon tsarewar da aka yi masa a 1993, wata guda da kwana ɗaya, daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli, a daidai lokacin da ƙasa ke tafasa saboda soke zaɓen 12 ga Yuni. Kashi na farko na littafin shi ne mafi daɗin karatu. An tare shi a kan titi a Fatakwal, an ɗora shi a mota an yi ta yawo da shi daga wannan ofishin 'yan sanda zuwa wancan, har Legas, har Owerri, ga shi da ciwon zuciya. Abin da ya burge ni a nan shi ne idonsa. Mutumin da ya rubuta wasan talabijin na Basi and Company bai bar barkwancinsa a gida ba. Yana kallon masu tsaronsa yana ganin yunwarsu da tsoronsu, da lalacewar ofisoshinsu, da yadda su kansu ba su san inda za a kai shi ba sai sun jira umurni daga sama. Mai karatu kan fito daga waɗannan shafuka ya gane cewa danniya ba wani dodo ba ne mai ƙaho, aiki ne da ƙananan ma'aikata marasa albashin kirki suke yi da takarda da biro da tsohuwar mota.

Amma fa littafin yana da aibinsa, kada son da muke wa mamaci ya rufe mana ido. Da ya shiga tsakiya sai labari ya tsaya cik, aka koma tarihin ƙungiyar MOSOP, da Takardar Haƙƙoƙin Ogoni ta 1990, da jawabai da wasiƙu da ya jero kusan ɗungurungum ɗinsu. Mai neman zube mai gudana zai gaji. Kazalika mutumin ya yarda da kansa ƙwarai, yana kuma da kaifin harshe a kan dattawan Ogoni da suka saɓa masa, abin da ke da nauyi idan muka tuna cewa a kan kisan huɗu daga cikin manyan Ogoni a Giokoo, ran 21 ga Mayu, 1994, aka gina shari'ar da ta ci ransa. Duk da haka ina ganin akwai dalilin cusa waɗannan takardu. Saro-Wiwa ya riga ya fid da rai daga kotunan gida. Tun 1992 ya kai ƙarar Ogoni gaban wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya a Janeba, ya kuma shigar da su ƙungiyar al'ummomin da ba su da wakilci, mai mazauni a birnin Heg a wancan lokaci. Littafin nasa takardar ƙara ce da ya aika wa duniya, shi ya sa ya liƙa mata shaidu a baya, kamar yadda lauya kan yi. Ya yi asarar daɗin labari da gangan domin ya sami alƙali a waje.

To me alƙalin ya yi? A nan ne ya kamata mu daɗe, domin wannan shi ne babin da marubucin bai rayu ya rubuta ba. Kotun musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Ibrahim Auta, da wani hafsan soja, Laftanar Kanar Hameed Ali, a cikin alƙalanta, ta yanke hukuncin kisa a ƙarshen Oktoba na 1995. Babu damar ɗaukaka ƙara. Lauyoyin da Gani Fawehinmi ya jagoranta sun riga sun janye, suna cewa ba shari'a ake yi ba, wasu shaidu biyu kuma sun yi rantsuwa cewa saye su aka yi. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ta roƙi a dakata, ba a saurare ta ba. Majalisar mulkin soja ta tabbatar da hukuncin ran 8 ga Nuwamba, aka rataye Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal ran 10 ga wata, a daidai lokacin da shugabannin ƙasashe renon Ingila ke taro a Okland ta ƙasar Niyu Zilan. Nan take suka dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar, dakatarwar da ta kai har Mayu na 1999. Tarayyar Turai ta hana sayar wa Nijeriya makamai, ta hana manyan soja takardar shiga, an janye jakadu na ɗan lokaci. Nelson Mandela, wanda da farko ya bi hanyar lallashi, ya fito yana neman a daina sayen man Nijeriya. Ba a daina ba. Abin da talaka ya gani da idonsa daga wannan rikici shi ne 'yan wasan ƙwallonmu ba su je Afirka ta Kudu kare kofin Afirka ba a 1996, aka kuma hana su shiga na 1998. Mai kuwa bai fasa fita daga Bonny ko na yini guda ba saboda takunkumi.

Hukumar Banjul ta yanke hukuncinta a Oktoba na 1998, ta ce Nijeriya ta karya yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam. Gaskiya ta faɗa, sai dai ihu ne bayan hari, shekara uku da binne mutanen, wata huɗu da binne Abacha. Iyalan Ogoni sun kai kamfanin Shell ƙara a Niyu Yok a 1996, aka yi ta ja har 2009, kamfanin ya biya dala miliyan 15.5 a sulhu ba tare da amsa wani laifi ba. A 2013 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar da Esther Kiobel, matar ɗaya daga cikin waɗanda aka rataye, ta shigar, ta ƙuntata ƙofar da baƙi ke bi su kai irin wannan ƙara can. Matar ta koma Holan, a 2022 kotun Heg ta kori ƙarar saboda ƙarancin hujja. A gefe guda kuma kuɗin da aka danganta da Abacha sun yi ta dawowa gida, dala miliyan 321 daga Suwizalan bisa yarjejeniyar 2017, dala miliyan 311 daga Amurka da tsibirin Jersey a 2020. Duniya ta nuna ta iya bin sawun kuɗi daga banki zuwa banki har shekara ashirin, amma babu jami'in gwamnati ko ɗaya da wata kotun waje ta ɗaure saboda ratayar nan. Mai Shari'a Auta ya zama Babban Alƙalin Babbar Kotun Tarayya a 2011, Hameed Ali ya zama shugaban hukumar kwastan a 2015. Ban kawo wannan don cin mutuncin kowa ba, na kawo ne don marubuci ya san yawan abin da zai sa rai da shi in ya ce duniya ce alƙalinsa.

Mu dawo gida ga littafi na biyu. An kama Janar Bamaiyi a ƙarshen 1999, watanni kaɗan bayan komawar mulki hannun farar hula, aka tuhume shi da hannu a yunƙurin kashe Alex Ibru, mai jaridar The Guardian, wanda aka harba a Legas ran 2 ga Fabrairu, 1996, ya tsira da ransa amma ya rasa ido guda. Janar ya shafe fiye da shekara takwas a tsare, akasari a Kirikiri, kafin Babbar Kotun Legas ta sallame shi ta kuma wanke shi a Afrilu na 2008. Tilas a faɗi wannan a sarari, a kuma tsaya a kansa: kotu ta ce ba a tabbatar da laifin ba. Tilas kuma a faɗi cewa tsare mutum shekara takwas ba hukunci zalunci ne ko wane ne shi, tsarin mulkin 1999 kansa ya ce a yi wa wanda ake tuhuma shari'a cikin lokacin da hankali zai ɗauka. Wasu daga cikin masu fafutikar kare haƙƙi da suka yi ta kururuwa a zamanin soja ba su ɗaga murya sosai a kan wannan ba, ƙila don suna ganin wanda ya ɗebo da zafi bakinsa. Wannan kuskure ne, domin haƙƙin da ba a bai wa wanda ake ƙi ba, gobe ba za a bai wa wanda ake so ba. Saboda haka Janar yana da cikakken dalilin rubuta littafi, kuma ya kyauta da ya rubuta, ganin yadda manyan sojanmu da yawa suka tafi kabari da abin da suka sani.

Matsalata da littafin tana farawa daga sunansa, wanda ma'anarsa ita ce wanke wani janar daga zargi. Mutumin da ya sa wa littafinsa wannan suna ya riga ya gaya maka ƙarshen labari, ya kuma gaya maka wane ne gwarzo. Matsayinsa shi ne tsarewar da aka yi masa ta siyasa ce, manya ne suka ga zai zame musu ƙarfen ƙafa. A kan juyin mulkin da aka ce Laftanar Janar Oladipo Diya ya shirya a Disamba na 1997, ya tsaya a kan cewa shirin gaskiya ne, alhali kuwa Diya, a gaban kotun soja a Jos a 1998, ya ce tarko aka ɗana masa, har ya tambayi dalilin da ya sa Bamaiyi ba ya cikin waɗanda ake tuhuma. A kan mutuwar Abiola a tsare ran 7 ga Yuli, 1998, ya nuna cewa gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ce ya kamata a tambaya, tun da a hannunta ya mutu. Duk waɗannan bayanai ne masu amfani ga mai tarihi, wanda zai ajiye su kusa da na sauran ya auna. Amma ka lura, kullum yatsa waje yake nuni. Shi ma wannan littafi takardar lauya ce, sai dai na Saro-Wiwa ƙara ce a madadin al'umma, wannan kuwa kariya ce a madadin mutum guda.

Abin da mai karatu ke ƙishirwar ji daga wanda ya riƙe rundunar sojan ƙasa a waɗannan shekaru ya wuce batun ko ya aikata kaza ko bai aikata ba. Ba shi ne Babban Hafsa ba ranar da aka rataye mutanen Ogoni, a ba shi wannan. Amma yana kan kujerar lokacin da aka harbe Kudirat Abiola a Legas ran 4 ga Yuni, 1996, yana kai lokacin da Shehu Musa 'Yar'aduwa ya mutu a kurkukun Abakaliki ran 8 ga Disamba, 1997. Tambayar adabi ita ce, yaya mutum yake kwana a irin wannan gida? Me yake gaya wa kansa da asuba? Yaushe tsoro ya fi biyayya yawa? Sannan da ƙofar Kirikiri ta rufe a bayansa, ko ya tuna waɗanda Dokar Soja Mai Lamba 2 ta 1984 ta ba da damar a tsare su ba shari'a, ya ga fuskarsa a tasu? Wannan ita ce gadar da za ta mai da takardar kariya ta zama adabi, littafin da aka gina don wanke kai kuwa ba ya iya haye ta, saboda hayewar tana bukatar mutum ya yarda cewa akwai wurin da ruwa bai taɓa ba. Hatta a cikin gida ɗaya an sami saɓani a kan waɗannan shekaru, domin wansa, Manjo Janar Musa Bamaiyi, wanda ya shugabanci hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya kai kukansa game da ƙanen nasa gaban kwamitin Oputa. Wa da ƙane, dukansu janar, a gaban kwamitin bincike: in da Bature ne ya sami wannan, da tuni ya yi wasan kwaikwayo uku da shi.

Shi kansa kwamitin Oputa labarinsa bai fi na waje daɗi ba. An kafa shi a 1999, ya zaga ƙasa, mutane suka kalli zamansa a talabijin kamar wasa, tsofaffin shugabanni uku, Buhari da Babangida da Abdulsalami, suka ƙi bayyana. Ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa buga shi a hukumance ba, sai ƙungiyoyi masu zaman kansu ne suka fitar da shi a 2005. Idan kotun waje ta makara, kwamitin gida kuma aka kulle rahotonsa a akwati, abin da ya rage a hannun jama'a shi ne littattafai irin waɗannan biyu, da duk aibinsu. Shi ya sa nake ganin bai kamata mu yi musu sassauci wajen nazari ba.

'Yan'uwa marubuta, a nan maganar ta zo kanmu. Dukan littattafan da na ambata da Turanci suke. A shekarun da ake wannan aika-aika, alƙalamin Hausa yana cikin ganiyarsa, Kano tana fitar da littattafai kamar ruwan sama, ana ta muhawara a jaridu a kan ko adabin kasuwa adabi ne ko a'a. Ba na cikin masu raina littattafan soyayya, sun koya wa dubban mata karatu, sun kuma taɓo auren dole da kishi da sauran cututtukan gida. Amma ina labarin kurkuku? Ba za mu ce abin bai shafe mu ba. 'Yar'aduwa Bakatsine ne. An yanke wa Shehu Sani ɗaurin rai da rai a 1995. An tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a Afrilu na 1996 aka kai shi Taraba. Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ya ɓace a 1996, sai a 1998 'yan sanda suka ce shi ne ya mutu wajen dasa bam a otal ɗin Durbar, maganar da abokan aikinsa suka ƙaryata. Daɗin daɗawa, a garuruwanmu aka riƙa ɓoye 'yan Kudu da aka kama: Beko Ransome-Kuti a Katsina, Frank Kokori a Bama, Gani Fawehinmi a Bauchi, Sylvester Odion-Akhaine a nan Birnin Kebbi. Gandirobobin da suka tsare su, da matan da suka sayar da abinci a bakin ƙofa, da Hausa suke hira. Kuma ba gadon da muka rasa ba ne. Mawaƙan NEPU irin su Mudi Sipikin sun yi waƙa a lokacin da waƙa kan kai mutum gidan yari, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga ta fita ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, Sulaiman Ibrahim Katsina ya rubuta Tura Ta Kai Bango a farkon shekarun 1980. Wani wuri ne igiyar ta tsinke.

Ga marubucin Zuru kuwa, labarin da ke gabansa ba na janar ba ne, ba kuma na ɗan gwagwarmaya ba ne. Na kofur ne da saje, yaron da ya bar gona da aikin golmo ya sa kaki don ya sami abin aure, aka tura shi ƙasar da bai san sunanta ba aka ce ya tsare hanya. Saro-Wiwa ya gwada irin wannan a Sozaboy a 1985, inda ya bi wani yaro soja da bai san abin da yake yaƙi a kai ba, amma daga nasa ɓangaren ya hango shi. Mu a cikin gida muke da shi, yana zaune a gindin bishiya yana jiran fansho, ya ga abin da babu shi a littafin janar, babu shi a rahoton Banjul. Waɗannan dattawa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda zai rubuta su, da Hausa ko da C'lela, sai ya zauna da su da haƙuri, ya sauya sunaye inda ya kamata, ya kuma guji mai da su waliyyai ko shaiɗanu. Kada kuma a ce zance ne na da. A farkon Nuwamba na 2024 aka gurfanar da yara ƙanana, da yawansu daga Kano da Kaduna, a gaban kotun tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa saboda zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, wasunsu suka faɗi sumammu a cikin kotu, sai da hotunan suka zaga duniya sannan aka ba da umurnin sakinsu. Har yau kuma ba a ga Abubakar Idris Dadiyata ba tun da aka ɗauke shi daga gidansa a Kaduna a Agusta na 2019.

Akwai wata kalma guda da ta raba makomar marubutan nan biyu. Janar Bamaiyi ya sami wankewa daga kotu yana raye, ya koma gida, ya zauna ya rubuta littafinsa. Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas kuwa, ran 12 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da yi musu afuwa tare da ba su lambobin girma na ƙasa. Daga cikin iyalansu da ƙungiyoyin Ogoni da Amnesty International aka sami masu cewa afuwa ga mai laifi ake yi, abin da suke nema shi ne gwamnati ta soke hukuncin kotun Auta ta bayyana cewa mutanen ba su aikata kisan ba. Sanarwar ranar ba ta ƙunshi wannan ba.